Rami na 41: yadda aka cimma jan ƙarfe da azurfar Filo del Sol bayan shekara ashirin ana haƙa a kansu

A watan Mayun 2021 wani ƙaramin kamfanin neman ma'adinai mai suna Filo Mining, wanda ofishinsa ke Vancouver a Kanada, ya fitar da sakamakon rami guda ɗaya tak da ya haƙa a filinsa na Filo del Sol, a tsaunukan Andis. Lambar ramin FSDH041. Daga zurfin mita 188 har zuwa mita 1,046, wato tsawon mita 858 ba yankewa, dutsen da injin ya zaro yana ɗauke da jan ƙarfe kashi 0.86 cikin ɗari, da azurfa giram 48.1, da zinari giram 0.70 a kowane tan. Cikin 'yan kwanaki hannun jarin kamfanin ya yi tashin gwauron zabi. Shekara uku da 'yan watanni bayan haka, manyan kamfanonin haƙar ma'adinai biyu, BHP da Lundin Mining, suka amince su saye kamfanin gaba ɗaya a kan kimanin dalar Kanada biliyan 4.1, alhali bai taɓa sayar da ko kilo ɗaya na jan ƙarfe ba.

Yawanci idan ana ba da wannan labari sai a ba shi kamar sa'a ce ta faɗo. Ni ban ga sa'a a ciki sosai ba. An fi shekara ashirin ana haƙa a kan wannan tudu kafin rami na 41, kuma ma'adinin yana nan kwance ƙarƙashin ƙafafun masu haƙar duk tsawon lokacin. Abin da ya sauya shi ne irin tambayar da suke yi wa ƙasar.

Wurin da dutsensa

Filo del Sol yana kan ƙololuwar tsaunukan Andis, daidai kan iyakar lardin San Juan na Ajantina da yankin Atacama na Chile, kimanin kilomita 140 kudu maso gabas da garin Copiapó. Layin iyakar ya ratsa ta kan filin aikin. Tsayin wurin ya kai mita 5,000, wasu sassan ma sun zarce. A wannan tsayi iskar da mutum ke shaƙa kusan rabin ta bakin teku ce, ruwa na tafasa tun bai kai digiri 85 ba, injin dizal kuma ƙarfinsa raguwa yake yi kamar yadda na ma'aikacin da ke tsaye gefensa ke raguwa. Da daɗewa lokacin aiki a can 'yan watannin bazarar kudancin duniya ne kawai, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Hunturu na shigowa ƙanƙara da iska su rufe hanya, a kwashe kaya a sauka.

Mafi tsufan duwatsun wurin na aman wuta ne, irin masu farin jiki da yawan silika, waɗanda suka daskare fiye da shekara miliyan 250 da suka wuce. Daga baya wasu duwatsun aman wuta da na tarkacen tsakuwa suka hau kansu. Su kansu ba su ne suka kawo ƙarfen ba, masauki kawai suka ba shi. Kimanin shekara miliyan 15 da suka wuce narkakken dutse ya kutso daga ƙasa ya tsaya bai fashe waje ba, ya riƙa hucewa a hankali yana sakin ruwan zafi mai gishiri da farar wuta da ƙarafa. Wannan ruwa ne ya bi tsagogin dutse yana ajiye abin da ya ɗauko.

A irin wannan tsari akan sami hawa biyu. Can ƙasa, kusa da narkakken dutsen, jan ƙarfe da zinari kan bazu cikin siraran jijiyoyi marasa iyaka, ƙarfen kaɗan-kaɗan amma dutsen mai tarin yawa. Masana na kiran wannan fofiri. Can sama kuwa, inda tururi mai tsami ya cinye dutse ya bar shi fari mai ramuka kamar soso, nan azurfa da zinari da wani nau'in jan ƙarfe mai haɗe da asinik, wani sinadari mai guba, suke taruwa. A ƙa'ida akwai tazarar kilomita ɗaya ko fiye tsakanin hawa biyun. A Filo del Sol tazarar ta rufe. Tsaunukan suna ɗagowa da sauri a lokacin, zaizaya na kankare samansu, sai hawan sama ya riƙa saukowa yana danne na ƙasa tun tsarin bai huce ba. Dutse ɗaya ya sha wanka biyu. Wannan ne dalilin da ya sa rami ɗaya zai iya cin karo da jan ƙarfe da azurfa da zinari masu yawa a wuri guda.

Ba ɓoyayyen wuri ba ne. Tsamin ruwan ya rine tudun fari da ja da rawaya, har a hoton tauraron ɗan'adam ana gani.

Shekarun haƙa sama-sama

Kamfanin Cyprus Amax na Amurka ne ya fara haƙa a ƙarshen shekarun 1990. Daga nan filin ya koma hannun kamfanonin iyalin Lundin: Tenke Mining tukuna, sannan NGEx Resources, har aka ware shi a 2016 aka kafa masa kamfaninsa na kansa, Filo Mining. A tsakiyar wannan zamani hankalin rukunin ya fi karkata ga wasu filaye biyu na maƙwabta, Josemaría a ɓangaren Ajantina da Los Helados a ɓangaren Chile.

Yawancin ramukan farko an haƙa su ne da injin da ke daka dutse yana huro garinsa da iska ta cikin bututu. Wannan hanya tana da arha da sauri, kuma ga wanda ke da wata huɗu ko biyar kacal a shekara da kuɗi ƙalilan, ita ce zaɓin mai hankali. Amma tana da iyaka biyu. Ba ta nisa, 'yan ɗaruruwan mitoci ne ƙarfin iskar ke iya kaiwa. Sannan abin da take fitarwa tsakuwa ce da ƙura. Za a iya auna ƙarfen da ke ciki, amma ba za a ga wace jijiya ce ta yanke wace ba, ko ta wace fuska tsagar ta karkata. Kamar a ba mutum littafin da aka yayyaga a ce ya faɗi labarin.

Abin da waɗannan ramuka suka samu ba ƙarami ba ne. A saman tudun akwai dutsen da iska da ruwan sama suka riga suka ruɓar da shi, jan ƙarfensa mai narkewa ne cikin sauƙi. Har akwai wani shuɗin gishirin jan ƙarfe da ruwa zalla ma ke narkar da shi. A ƙarƙashinsa kuma wani shimfiɗaɗɗen sashe mai yawan azurfa. A farkon 2019 kamfanin ya fitar da nazarin yiwuwar aiki a kan wannan ruɓaɓɓen sama kaɗai: dutse kimanin tan miliyan 259, a tona buɗaɗɗen rami, a tara dutsen tsibi-tsibi a riƙa yayyafa masa ruwan asid yana tsiyayo da ƙarfen, ma'adinin ya yi shekara 14. Matsakaicin aiki ne mai kyau, irin wanda akwai da dama a Andis.

A nan ne darasin aikin yake, a ganina. Duk wanda ya tsara ramukan ya tsara su ne don amsa tambayar "nawa ne ruɓaɓɓen dutsen da za a iya jiƙawa da asid?" To da zarar injin ya wuce shi ya shiga ɗanyen dutse mai farar wuta, wanda asid ba ya narkarwa da sauƙi, ramin ya gama aikinsa, sai a tsayar. Ramuka da yawa sun ƙare ne suna cikin jan ƙarfe tsundum. Bayanin yana rubuce a kundin kamfanin, ba wanda ya ɓoye shi, sai dai ba shi ake nema ba a lokacin. Ban ɗauki wannan a matsayin sakaci ba. Ƙaramin kamfanin da ba ya sayar da komai, da kuɗin masu hannun jari yake haƙa, kowace mita sai ya kare ta a gabansu, kuma rami ɗaya mai zurfin kilomita a wannan tsauni zai cinye kuɗin gajerun ramuka masu yawa.

Da aka juya zuwa zurfi

Daga kakar aikin 2018 zuwa 2019 aka fara haƙa mai zurfi da injinan da ke yankan dutse da baki mai ƙwayoyin daimon. Shi wannan baki zobe ne. Yana juyawa yana cin gefe, tsakiyar kuwa tana shiga cikin bututu a matsayin sandar dutse. Duk bayan kimanin mita uku sai a jefa ƙugiya da igiyar ƙarfe ta cikin bututun a zaro bututun ciki, a zazzage sandar a jera ta cikin akwati, a sa ɗan katako mai lambar zurfin. Akan fara da faɗin milimita 85, idan ƙasa ta yi tauri ko nisa ya ƙaru a rage zuwa 63.5, daga nan 47.6, kowane ƙaramin bututu yana bi ta cikin na gabansa.

Saman Filo del Sol azaba ne ga mai irin wannan haƙa. Dutsen da tsami ya cinye yana marmashewa, ruwan da ake turawa don sanyaya bakin yana zurarewa cikin ramuka ya ɓace, bangon ramin ya rufto ya kama bututu. Wanda ya duba jerin ramukan kamfanin zai ga wasu lambobin da haruffa a bayansu, irin su 55A da 55C. Sau da yawa wannan harafin shaida ce cewa an rasa rami an sake farawa daga gefensa.

Sakamakon ya zo mataki-mataki. A 2020 rami na 32 ya ba da mita 1,009 a jere. Wannan ya nuna cewa abin yana da zurfi. Na 41 shi ya nuna cewa a cikin zurfin akwai wurin da ƙarfen ya taru fiye da kima, cikin wani farfasasshen dutse da ma'adinai suka sake liƙe shi. Kamfanin ya raɗa wa wannan sashe suna da lambar ramin, babban yankin da ke kewaye da shi kuma aka kira shi Aurora. Shi ma na 41 a cikin ma'adini ya tsaya.

Bayan nan komai ya hanzarta. Aka gyara sansani don a yi aiki har da hunturu, aka ƙara injina. A farkon 2022 BHP ya zuba dalar Kanada miliyan 100 ya karɓi kimanin kashi 5 na kamfanin. A shekarar rami na 55C ya ba da kusan mita 1,338, wani ramin kuma da aka jefa can arewa ya sake cin karo da ma'adinin, aka sa wa wurin suna Bonita. Kafin a sayar da kamfanin, tsawon abin da aka bi daga kudu zuwa arewa ya haura kilomita 5.

Yadda ya kamata a karanta lambar

Kanun sanarwar rami na 41 ba kashi 0.86 ya ce ba, kashi 1.80 ya ce. Ba ƙarya ba ne, lissafi ne da ake kira kwatankwacin jan ƙarfe: a ɗauki darajar zinarin da azurfar a kasuwa, a mayar da ita kamar jan ƙarfe ce, a haɗa. Ma'anarsa fiye da rabin darajar wannan dutse daga zinari da azurfa take. Lissafin kuwa ya dogara da farashin da aka zaɓa, kuma ba ya faɗin nawa ne daga cikin ƙarfen masana'anta za ta iya cirowa a zahiri. Jan ƙarfen kansa kilo 8.6 ne a tan guda na dutse. Azurfar, giram 48 a tan, ba ta cika cokali biyu ba. Duk da haka wannan dutse ne mai kyau ƙwarai, domin yawancin manyan ma'adinan jan ƙarfe na Chile da dutsen da bai kai kashi 1 ba suke aiki.

Akwai abu na biyu da na fi so mai karatu ya gwada da kansa. A cikin mita 858 ɗin akwai mita 163 da suka ba da kashi 5.43 a wannan lissafin na kwatankwacin jan ƙarfe. A ninka 858 da 1.80, a samu kusan 1,544. A ninka 163 da 5.43, a samu 885. Ke nan ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na tsawon ramin ne ke ɗauke da fiye da rabin ƙarfen. Idan aka cire shi, ragowar mita 695 suna da kimanin kashi 0.95. A wannan ramin ragowar ma abin so ce, shi ya sa sakamakon ya tsaya da ƙafarsa. Amma da wannan dabarar ce wasu kamfanoni kan ɗauki mita biyar masu arziki su shafa su a kan mita ɗari na dutsen banza, kanun labari ya fito da kyau. Duk sanarwar da ta ce "wanda ya haɗa da", a yi mata wannan ɗebewar.

Na uku, rami tsinke ne. Ko da a ce duk mita 858 ɗin da faɗin milimita 63.5 aka yanke su, dutsen da ya fito kimanin tan bakwai ne kacal. Daga ciki ma rabi ake aikawa ɗakin gwaji, domin ana tsaga sandar gida biyu da zarto a ajiye rabi don wanda zai zo ya bincika daga baya. Rabin da aka aika ana niƙa shi, a ɗebi 'yan giram a auna. Da waɗannan 'yan giram ake yin magana a kan biliyoyin tan. Kuma tsawon da rami ya bi cikin ma'adini ba shi ne kaurin ma'adinin ba. Idan jikin a tsaye yake ramin kuma ya bi shi a tsaye, siririn abu sai ya zama dogo a takarda. Ramukan da ke yanko shi ta gefe ne ke raba gardama.

Ajiye rabin sanda da sauran ƙa'idojin ba ado ba ne. A 1997 aka gano cewa zinarin da kamfanin Bre-X na Kanada ya ce ya samu a Busang ta Indonesiya barbaɗa shi ake yi cikin samfur kafin a kai gwaji, kuma a can sandar gaba ɗaya ake niƙewa, ba a bar abin da wani zai duba. Masu hannun jari suka tafka asarar biliyoyi. Bayan wannan ne Kanada ta kafa dokar NI 43-101 a 2001, wadda ta wajabta cewa ƙwararren da aka sani da suna ya sa hannu a kan duk wani sakamako. Cikin buhunan samfur kuma akan cusa na gwaji ba tare da ɗakin auna ya sani ba: wani dutsen da babu komai cikinsa, wani wanda an riga an san adadin ƙarfensa, wani kuma maimaicin na baya. Idan wanda babu komai ya dawo da azurfa, an san injin niƙa bai wanku ba.

Ciniki, da abin da ya rage

A Yulin 2024 aka sanar da cinikin, dalar Kanada 33 kowane hannun jari, aka kammala a Janairun 2025. BHP da Lundin Mining suka kafa kamfanin haɗin gwiwa mai suna Vicuña, kowa da rabi, suka zuba Filo del Sol da Josemaría a ciki. A Mayun 2025 suka fitar da ƙiyasin filayen biyu a haɗe: jan ƙarfe tan miliyan 13 a rukunin da ramuka suka yi kusa da juna har aka amince da shi, da wani tan miliyan 25 a rukunin hasashe, azurfa oza (kimanin giram 31 kowace) miliyan 659 da kuma miliyan 808 a rukunan biyu, zinari oza miliyan 32 da miliyan 49. Don a gane girman, duk ma'adinan duniya a haɗe tan miliyan 22 zuwa 23 na jan ƙarfe suke fitarwa a shekara. A lura dai cewa kaso mafi tsoka yana rukunin hasashe, inda tazarar ramuka ke da faɗi, kuma doka ba ta yarda a kira shi ajiyar da aka tabbatar za a haƙa da riba ba.

Da sauran rina a kaba. Wankan nan na biyu da ya kawo azurfar shi ya kawo asinik. Ɗaya daga cikin ma'adinan jan ƙarfen irin wannan wuri, enajait, kusan rabinsa jan ƙarfe ne, amma kusan kashi 19 nasa asinik ne. Masana'antun narkarwa na cin tarar niƙaƙƙen ma'adinin da asinik ɗinsa ya yi yawa, Chaina kuma, wadda ta fi kowa saye, ta hana shigo da wanda ya haura kashi 0.5. Dole ko a gauraya shi da mai tsabta, ko a gina wurin gasa shi ko dafa shi a cire gubar, sannan a san inda za a binne ta. Kowanne kuɗi ne, kuma babu shi a cikin lambar 1.80.

Sai ruwa da wutar lantarki da hanya, a wurin da babu ko ɗaya. Sai dokar kare tulin ƙanƙara da Ajantina ta yi a 2010, wadda ta shafi tsaunuka masu irin wannan tsayi. Yarjejeniyar haƙar ma'adinai da Chile da Ajantina suka sa wa hannu a 1997 ta sauƙaƙa wa ma'aikata da kaya ketare iyaka, amma ba ta haɗe kotunan ƙasashen biyu ba. Mutanen kwarin Jáchal da ke ƙasan waɗannan tsaunuka ba su manta da Satumbar 2015 ba, lokacin da ruwa mai gubar sayanaid fiye da lita miliyan ɗaya ya kwarara daga mahaƙar zinari ta Veladero. Kudu da Filo del Sol kuma, a kan iyakar nan dai, akwai Pascua-Lama na kamfanin Barrick, wanda shi ma zinarinsa da azurfarsa ramuka sun tabbatar da su ba tantama. An kashe biliyoyin daloli a gininsa, aka dakatar da aikin a 2013, kotun muhalli ta Chile ta tabbatar da rufe ɓangarenta a 2020. Ƙarfen yana nan cikin dutsen har yau.